Aikin rukuni da ɗaliban ƙasashen waje ta intanet: yana koya wa yara mu'amala da baƙi kuwa?

Malamin_Kasuwanci:
Assalamu alaikum malamai da ɗaliban wannan zaure. Akwai abin da nake son mu tattauna kafin in sa hannu a kansa. Sashenmu ya yanke shawara cewa a zangon karatu mai zuwa za a raba 'yan aji uku rukuni-rukuni, a haɗa kowane rukuni da ɗaliban wasu jami'o'i na ƙasashen waje, su yi aiki ɗaya tare ta intanet na wasu makonni, su miƙa rahoto ɗaya, a ba su maki a kai. Ba rahoton ne kaɗai ake nema ba. Ana so yaro ya fita ya iya magana da aiki da mutumin da al'adarsa ba irin tasa ba ce. Ni aka ɗora wa tsara abin.

Ba zan ɓoye muku ba, hankalina bai kwanta ba. Yaron da ke zaune a ɗakinsa yana kallon fuskoki huɗu a allon kwamfuta sau ɗaya a mako, me zai sani game da mutanen nan? Ina tsoron kada mu ɓata wa yara zango guda, a ƙarshe abin da suka koya bai wuce yadda ake shiga taron bidiyo ba. Wanda ya taɓa yi, malami ne ko ɗalibi, don Allah ya faɗa mana gaskiyar abin da ya gani.

Binta_Harsuna:
Wa alaikumus salam Malam. Ka kwantar da hankalinka ta fuska ɗaya: ba kai ne za ka fara share hanyar ba. Tun 1997 malaman Faransanci a jami'ar MIT ta Amurka, cikinsu har da Gilberte Furstenberg, suka fara wani shiri mai suna Cultura. Sukan ba ɗaliban Amurka da na Faransa tambayoyi iri ɗaya, misali me za ka yi idan ka ga uwa ta mari ɗanta a cikin kanti. Kowa ya amsa da harshensa, sai a jera amsoshin gefe da gefe, ɗaliban su yi ta tambayar juna dalilin da ya sa amsoshin suka sha bamban. A 2006 jami'ar jihar New York ta buɗe cibiyar COIL, inda malamai biyu daga ƙasashe biyu ke zama su tsara wani ɓangare na kwas tare, ɗalibansu su yi shi tare. Wanda ya fi kama da naku shi ne X-Culture, wanda Vas Taras ya fara a 2010 daga jami'ar North Carolina da ke Greensboro. Ɗaliban kasuwanci ne, kowane rukuni mutanensa daga ƙasashe daban-daban, kuma matsalar wani kamfani na gaske ake ba su su warware cikin kamar wata biyu.

Tsohon_Malami:
Malama Binta, sannu da ƙoƙari. Amma daɗewar abu ba ta nufin yana aiki. Ni ina tare da shakkun Malam. Gani ya kori ji. Na yi digirina na biyu a ƙasar da ban san kowa ba, kuma abin da na koya game da mutanenta ba a aji na koya ba. Na koye shi ne a layin asibiti, da wurin neman ɗakin haya, da ranar da na yi abin da ya ɓata wa maƙwabcina rai ban san dalili ba. Wanda yake baƙo ba shi da inda zai gudu, dole ya koya. Shi kuwa yaron da ke gaban kwamfuta, da abu ya ishe shi sai ya rufe ta ya koma cikin mutanensa. Turawa sun san haka, shi ya sa tun 1987 suke kashe kuɗi a shirin Erasmus suna tura yara su je su zauna a wata ƙasa.

Injiniya_K:
Baba, babu mai musun cewa zuwa ya fi. Amma nawa ne ke zuwa? Ƙididdigar UNESCO ta nuna ɗaliban da ke karatu a wajen ƙasarsu sun haura miliyan 6, alhali masu karatun gaba da sakandare a duniya sun haura miliyan 200 nesa ba kusa ba. Kusan kashi 3 cikin 100 ke nan. Sauran fa? Mai aure, da mai aiki yana karatu, da wanda aka hana biza, da wanda iyayensa ba su da hali. A wurinsu zaɓin ba tsakanin tafiya da intanet yake ba, tsakanin intanet da babu yake. Kuma shi kansa Erasmus ɗin da ka ambata, daga 2018 zuwa 2020 ya gwada musayar ɗalibai ta intanet tsakanin matasan Turai da na ƙasashen kudancin Bahar Rum.

Sannan akwai abin da ake mantawa. Ni aikina yanzu da mutanen ƙasashe uku nake yi, kuma yawancinsu ban taɓa yin musabaha da su ba. Aiki ta allo da baƙo shi ne ainihin aikin da yaran nan da yawa za su tarar. Ba madadin wani abu ba ne, shi kansa abin koyo ne.

Ɗan_Aji_Huɗu:
Malamai ku gafarce ni in sa baki, ni na yi irin wannan a bara. A rukuninmu akwai yarinya daga Jamus, yaro daga Indiya, wata daga Brazil, sai ni. Na rubuta ɓangarena na tura, ina ganin na yi ƙoƙari. Sai Bajamushiyar ta amsa da layi biyu: shafi na biyu ba shi da hujja, a sake rubuta shi kafin Laraba. Ba gaisuwa, ba sannu da aiki. Wallahi raina ya ɓaci sosai, na ce wannan raini ne. Na daina magana a rukunin. Da malamarmu ta lura, ta sa ni na rubuta abin da ya faru, sannan na rubuta abin da na fahimta daga gare shi, daban-daban. A nan na ga cewa abin da ta faɗa gaskiya ne, shafin ba shi da hujja, kuma kalmar raini ni na ƙara ta. Daga baya da muka saba ta gaya mini cewa ita ma ta sha wahala da ni, domin idan na ce "zan duba" ba ta sanin na yarda ne ko na ƙi.

Abin da na koya ke nan, kuma ba na jin littafi zai koya mini shi haka.

Dakta_Halima:
Ɗan_Aji_Huɗu, Allah ya yi maka albarka, ka kawo misalin da ya fi bayanin da zan yi. Masanin nan Edward Hall ya yi magana a kan wannan tun 1976. Ya ce akwai al'ummomin da ke zuba duk ma'ana cikin kalmomin da aka furta, akwai kuma waɗanda ke barin mafi yawan ma'anar a cikin yanayi: wa ke magana, da wa, a gaban wa, me aka yi shiru a kai. Idan waɗannan biyu suka haɗu a rubutaccen saƙo, inda babu murya babu fuska, ɗaya zai ga ɗan'uwansa ba shi da ladabi, ɗayan kuma zai ga nasa ba shi da gaskiya.

Amma Malamin_Kasuwanci, ka lura da wani abu a labarin yaron nan. Ba haɗuwar ce ta koya masa ba. Da malamarsa ba ta kama shi ta sa shi ya rubuta ba, da ya gama kwas ɗin yana cewa Jamusawa 'yan raini ne, kuma da ya fita da ƙiyayyar da bai shigo da ita ba.

Alƙalami77:
Wannan magana ta ƙarshe ita ce maganar.

Sani_Zamantakewa:
Dakta, ina da ja kaɗan. Ina jin tsoron yadda ake koyar da Hall da Hofstede, masanin da ya auna al'adun ƙasashe da maki, a irin waɗannan kwasa-kwasai. Ana ba yara jadawali: ƙasa kaza maki kaza a girmama na gaba, ƙasa kaza maki kaza a son kai. Yaro ya haddace, ya shiga rukuni yana kallon abokin aikinsa a matsayin lamba. Mu tuna daga ina alƙaluman Hofstede suka fito. Ma'aikatan kamfanin IBM aka yi wa tambayoyi tsakanin 1967 da 1973. Ma'aikatan kamfani ɗaya, a wani zamani da ya wuce. Kuma a aikin nasa an dunƙule Ghana da Nijeriya da Saliyo an ba su maki ɗaya da sunan Afirka ta Yamma, an yi wa wasu ƙasashen Larabawa haka su ma. Brendan McSweeney ya yi masa raddi mai zafi a 2002 a kan cewa ƙasa ba al'ada ɗaya ba ce.

Ita wannan yarinyar, wa ya ce don Bajamushiya ce ta rubuta haka? Wataƙila halinta ne. Wataƙila tana cikin jarrabawa ne. Wataƙila Turancinta ne bai kai ta yi kwana-kwana ba, domin mai magana da harshen da ba nasa ba yakan gajarta.

Dakta_Halima:
Malam Sani, ban ƙi ta taka ba. Ni a ajina jadawalin Hofstede ba ya zuwa a farko. Sai yara sun yi makonni suna aiki tare, sannan in kawo shi in ce su gwada shi da mutanen da suka sani yanzu, su faɗi inda ya dace da inda ya kauce. Yawanci su da kansu suke rushe rabinsa. Amma ba zan jefar da shi gaba ɗaya ba. Yaron da bai taɓa jin cewa akwai wuraren da ɗalibi ke kiran farfesa da sunansa na yanka ba tare da an ɗauke shi mara kunya ba, yana bukatar wani ya fara gaya masa cewa irin wannan bambanci akwai shi.

Maryam_Digiri_Na_Biyu:
Ni tawa ba ta yi daɗi irin ta Ɗan_Aji_Huɗu ba. A rukuninmu biyu Turanci harshen uwarsu ne, sauran mu uku koyonsa muka yi. Tun taron farko su biyun suka riƙe magana. Kafin in gama shirya jimla a kaina sun wuce zuwa wani batu. Akwai wani yaro daga Japan da kusan bai ce komai ba a taron bidiyo, amma idan ya rubuta sai ka ga ya fi mu duka fahimtar aikin. A ƙarshe su biyun suka karɓi rubutun kowa suka ce za su gyara Turancin, kuma wajen gyaran suka sauya ra'ayoyinmu. Muka sami maki mai kyau. Ni dai abin da na koya shi ne wanda ya mallaki harshen taro shi ne shugaba ko ba a naɗa shi ba.

Sani_Zamantakewa:
Maryam, abin da kika faɗa shi ne sharaɗin farko na masanin halayyar ɗan Adam Gordon Allport. A 1954 ya ce haɗa mutanen ɓangarori biyu yana rage ƙyamar juna idan an cika wasu sharuɗɗa: su kasance daidai a matsayi, su sami buri ɗaya, su yi aiki tare ba gasa ba, kuma hukumar da ke sama ta mara wa abin baya. A rukuninku sharaɗin farkon nan ne ya rushe. Kuma ba harshe ne kaɗai ke karya shi ba. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta ce a 2023 mutum kusan biliyan 2.6 ba sa kan intanet sam. A cikin waɗanda ke kai ma, akwai mai kwamfutarsa a ɗaki shi kaɗai, akwai mai leƙawa ta waya yana lissafin data. Idan an haɗa su rukuni ɗaya, ba a fara daidai ba.

Binta_Harsuna:
Ƙarin bayani a kan Allport, don kada a ɗauka in sharaɗi ɗaya ya faɗi komai ya lalace. A 2006 Pettigrew da Tropp sun tattara bincike 515 a kan wannan batu, suka ga cewa haɗuwa tana rage ƙyama a mafi yawan lokuta ko da ba a cika sharuɗɗan ba, sai dai tasirin ya fi ƙarfi idan an cika su. Amma rage ƙyama daban, iya aiki tare daban. Za ka iya son mutum ka kasa gane lokacin da yake ce maka a'a.

Game da matsalar Maryam, akwai dabarun da na gani suna taimakawa. A sa shugabancin taro ya riƙa zagayawa. A tura tambayoyin taro a rubuce tun kwana ɗaya kafin a zauna, don mai jinkirin magana ya shirya. A ce kowa sai ya rubuta ra'ayinsa kafin a buɗe baki. Kuma a gaya wa masu harshen uwa ƙarara cewa su ma akwai abin da za su koya: rage gudu, barin karin maganar da su kaɗai suka sani, da haƙurin jiran amsa. Sau da yawa su ne suka fi bukatar kwas ɗin, kuma su ne suke ganin ba su bukata.

Injiniya_K:
Bari in kawo abin da ba al'ada ba amma yake kashe rukuni fiye da al'ada: agogo. Amurka tana tura agogonta gaba a Lahadi ta biyu ta watan Maris, ƙasashen Tarayyar Turai kuma sai Lahadin ƙarshe ta watan, ƙasashe da yawa kuma ba sa taɓa nasu sam. Ke nan akwai makonni biyu zuwa uku da taron da aka saba yi zai goce da awa guda ba wanda ya sani. Indiya kuma tana gaban agogon GMT da awa biyar da rabi, wannan rabin yana rikita mutane. Ga rubuta kwanan wata: 03/04 a wurin Ba'amurke 4 ga Maris ne, a wurin Bature ɗan Ingila 3 ga Afrilu. Ga ranakun hutu: a Masar da Saudiyya Juma'a da Asabar ne. Ga manhaja: ɗalibin da ke China ba zai iya buɗe WhatsApp ko Google Docs kai tsaye ba, WeChat ya sani.

Malam, duk wannan ka sa shi a takarda ɗaya ka ba su tun ranar farko.

Uwar_Ɗalibai:
Injiniya, ni kuma sai in ce kada a ba su dukkan bayanan nan. A bar su su yi karo da wasu. Rukunin da ya rasa taro saboda agogo, ya zauna ya gano dalili da kansa, ba zai ƙara mantawa ba.

Injiniya_K:
Hajiya, in zangon yana da tsawo na yarda. Amma makonni shida ko takwas ne fa. In biyu suka tafi a rikicin agogo, yaushe za a kai ga abin da aka zo yi?

Dakta_Halima:
Ku biyun kuna kusa da wani abu da Catherine Cramton ta rubuta a 2001 bayan ta bi diddigin rukunonin ɗalibai da ke aiki daga wurare daban-daban. Ta ga cewa babbar matsalarsu ita ce ba su san halin da juna ke ciki ba, kuma ba su san cewa ba su sani ba. Abin da ya fi wahalar fassarawa shi ne shiru. Mutum ya yi kwana uku bai amsa ba. Ya yarda ne? Ya yi fushi ne? Saƙon bai isa ba ne? Hutu ake yi a ƙasarsu? An yi masa rasuwa? Wanda ke jira ba ya ganin ko ɗaya daga ciki, sai ya zaɓi mafi sauƙi, ya ce malalaci ne. Idan kuma akwai bambancin ƙasa, sai ya ƙara da cewa haka mutanensu suke. Shi ya sa nake ganin rikicin agogo da rikicin al'ada ba a raba su. Daga na farkon ake gina na biyun.

Ni abin da nake sa su yi a makon farko shi ne yarjejeniya a rubuce: cikin awa nawa ake amsa saƙo, me mutum zai yi in ya san zai ɓace, wa zai nemi wanda ya yi shiru kuma ta wace hanya. Binciken Jarvenpaa da Leidner na ƙarshen shekarun 1990 ya nuna cewa rukunonin da suka riƙe amana a tsakaninsu su ne waɗanda saƙonninsu ke zuwa a kan kari, ana sanin lokacin da za a ji daga kowa, kuma amsar tana da nama a ciki.

Tsohon_Malami:
Ina karantawa. Duk abin da kuka lissafa, Dakta, tarbiyyar aiki ce: amsa saƙo, cika alƙawari, sanin agogo. Abu ne mai kyau. Amma ku kira shi da sunansa. Sanin mutane ya fi wannan zurfi. Yaran nan za su taɓa maganar addini? Maganar mulkin mallaka? Maganar yaƙin da ƙasar ɗaya ke yi da ta ɗayan? Ko za su yi ta murmushi su tsara yadda za a sayar da sabulu a wata ƙasa su rabu?

Sani_Zamantakewa:
Baba ya taɓo inda ke ciwo. Akwai shirye-shiryen da aka gina don wannan ɗin musamman. Soliya, wadda aka kafa a 2003, tana haɗa ɗalibai daga ƙasashen Yamma da na Musulmi a ƙananan rukunoni, kuma kowane rukuni yana da mai jagorantar tattaunawa da aka horar, domin a iya taɓa irin batutuwan da ka ambata ba tare da taron ya watse ba. Shirin Stevens da aka fara a 2015, wanda aka sa wa sunan jakadan Amurka da aka kashe a Benghazi a 2012, shi ma an kafa shi ne don tallafa wa irin wannan musaya tsakanin Amurka da Gabas ta Tsakiya da Arewacin Afirka. Amma wannan wani aiki ne daban da na Malamin_Kasuwanci. Ba zan ba malami shawara ya jefa yara cikin maganar Falasɗinu a rukunin da babu babba a ciki, kuma maki na rataye a wuyansu ba.

Ɗan_Aji_Huɗu:
Baba, mu kam mun taɓa. Ba a cikin taro ba, bayan an gama. Yaron Indiyan nan ya tambaye ni abubuwa game da addinina da ya ce bai taɓa samun wanda zai tambaya ba, ni ma na tambaye shi nasa. Amma sai da muka yi makonni muna fama da rahoto tare kafin a kai nan. Da a ranar farko aka ce mu yi wannan maganar, ba na jin za ta yiwu.

Malam_Lissafi:
Ku bar ni in dawo da ku ƙasa. Na ga yadda ɗalibai ke yin aikin rukuni ko a aji ɗaya suke: a raba shi gida biyar, kowa ya tafi ya rubuta nasa, daren ƙarshe mutum ɗaya ya haɗa. In haka za a yi da na ƙasashen waje, to za a gama ba wanda ya yi mu'amala da kowa. Kuma ga 'yan a-ci-bulus, waɗanda sunansu kawai ke kan rahoto. Yanzu ma ga manhajojin fassara da masu rubuta wa mutum saƙo. Yaro zai iya sa na'ura ta rubuta masa saƙo mai ladabi da Turanci mai kyau, ɗayan ma na'ura ta amsa masa. Wa ya koyi me?

Uwar_Ɗalibai:
Malam_Lissafi, maganin na farkon yana hannun mai tsara aikin. Ka ba da aikin da ba ya rabuwa. Misali kowane ɗalibi ya yi hira da mutum biyu a inda yake, amma ba shi zai rubuta sakamakon ba, abokinsa na wata ƙasa ne zai rubuta, shi kuma ya duba ya ce an fahimta ko ba a fahimta ba. Dole su yi magana. Na biyun kuma, a riƙa sa su auna juna kowane mako a asirce, malami ya gani da wuri, ba sai ranar ƙarshe ba. X-Culture da Malama Binta ta ambata suna yin irin wannan awon.

Maganar na'ura ce ban da cikakkiyar dabara a kanta. Abin da nake yi dai shi ne ina ba da kaso mai tsoka na maki a kan tattaunawar baki da ni, inda yaro zai ba ni labarin wani saɓani da ya faru a rukuninsu da yadda ya fahimce shi. Wannan kam, na'ura ba ta iya zauna masa. Kuma ban hana mai raunin Turanci amfani da fassara ba, domin ga irin yaron Japan ɗin da Maryam ta ambata tana iya zama abin da zai sa a ji muryarsa.

Maryam_Digiri_Na_Biyu:
Hajiya, da an yi mana wannan tsarin na hira da musayar rubutu, da su biyun nan ba su iya shanye aikin ba, don bayanan suna hannunmu.

Malamin_Kasuwanci:
Na gode ƙwarai, ina ta rubutawa. Tambaya ɗaya ta rage mini, ita ce kuma shugaban sashe zai yi mini: ta yaya za mu san sun koya? Rahoto mai kyau ba hujja ba ne, labarin Maryam ya nuna haka.

Dakta_Halima:
Wannan ita ce mai wuyar, Malam. Yawanci ana ba su tambayoyi kafin a fara da bayan an gama, su auna kansu. Matsalar ita ce wanda bai taɓa haɗuwa da baƙo ba yakan ba kansa maki mai yawa, domin bai san abin da bai iya ba. Na sha ganin ɗalibin da ya fi kowa koyo ya ba kansa maki ƙasa da na farko a ƙarshen zango. In shugaban sashe ya kalli lambar kawai zai ce an ci baya.

Abin da ya fi taimaka mini shi ne matakai shida na Milton Bennett na 1986, daga wanda ba ya ma ganin akwai bambanci, zuwa mai kare nasa yana kushe na wasu, zuwa mai cewa ai duk ɗaya muke, sannan mai karɓar bambancin, mai iya sauya salonsa, har zuwa wanda ya iya shiga ya fita tsakanin al'adu. Ka lura "ai duk ɗaya muke" mataki na uku ne kawai. Ɗalibai da yawa a nan suke tsayawa, su rubuto maka cewa sun gano 'yan Adam duk iri ɗaya ne, suna jin sun kai ƙarshe. Magana ce mai daɗi, amma mai faɗinta yawanci yana nufin kowa irinsa ne. Ni ina neman yaron da zai rubuta cewa ya sauya yadda yake ba da gyara saboda wance, ko ya gane cewa shirun wane ba yarda ba ne, kuma ya nuna mini saƙon da ya tura kafin da wanda ya tura bayan.

Tsohon_Malami:
To Dakta, in haka ne aikin malami ya ninka. Karanta rubutun kowane yaro duk mako, zama da kowane rukuni, daidaitawa da wani malami a wata ƙasa. A ajin mutum talatin zai yiwu. A ajin mutum ɗari uku fa? Ina tsoron jami'o'i za su rungumi abin nan don ya fi tura yara waje araha, su sa shi a takardar talla, su bar malami ɗaya da nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Sannan a sami abin da kika faɗa da farko, yara su fita da ƙyamar da ba su shigo da ita ba. Har yanzu ina kan bakana cewa wanda ya sami halin tafiya ya tafi.

Malamin_Kasuwanci:
Baba, ajin nawa ya fi kusa da na biyun da ka faɗa. Abin da nake tunani yanzu shi ne in nemi sashe ya bar ni in fara da waɗanda suka sa kansu, rukunoni kaɗan, da jami'a ɗaya tak. Ban sani ba ko za su yarda, don su duka ajin suke so. Malama Binta, ta ina ake samun malamin da za a yi haɗin da shi?

Binta_Harsuna:
Cibiyar COIL ta New York da ƙungiyar UNICollaboration ta Turai duk suna taimaka wa malamai su sami abokan haɗi, kuma ofishin hulɗa da ƙasashen waje na jami'arku zai san waɗanda kuka riga kuka yi yarjejeniya da su. Amma kafin ka rubuta wa kowa, duba kalandarsu. Shekarar karatu a Japan a Afrilu take farawa, a Brazil kuma wajen Fabrairu ko Maris, bayan dogon hutunsu na Disamba da Janairu. Ka nemi makonni shida aƙalla da ku duka kuke cikin aji, ba jarrabawa ba hutu. Kuma ku amince tun farko a kan kason makin da aikin zai ɗauka a kowane ɓangare. In a wurinka kashi 30 ne, a wurinsu kuma na ganin dama ne, yaranka za su yi ta jiran mutanen da ba abin da zai same su in ba su zo ba.